Kumburin cinyar ɗan ƙanwata da abin da kwalbar jini ta nuna mana

Shekarata tara ina aikin lab a nan Birnin Kebbi, mutanen da na ɗebi jininsu ni kaina ban san adadinsu ba, amma ban taɓa jin hannuna na rawa ba sai ranar da aka miƙo min ɗan ƙanwata, jinjiri ɗan wata uku da 'yan kwanaki, wai in ɗebi nasa. Na daɗe ina son rubuta wannan labari, sai yanzu da hankali ya ɗan kwanta na samu na zauna, don na tabbata akwai gidan da yanzu haka ake zaune ana kallon irin wannan kumburi ana shawarar a kira wanzami.

Da tabon aka haife shi. A cinyar hagu yake, ya ɗan fi sauran fatar duhu, in ka taɓa sai ka ji ɗan tauri can ƙasa. Kowa ya ce tawadar Allah ce, ni ma da na je suna ƙauyensu can bayan Argungu na gani haka na ce. Abu ɗaya da na yi shi ne na roƙi mijinta a yi aski kawai kar a cire beli, kuma Allah ya sa ya yarda, wannan ma ba don tabon ba ne, dama can ra'ayina kenan. Yau in na tuna sai in yi ta hamdala.

Cikin watan Agusta, ruwa na ta sauka fadama ta cika, sauro kuwa ba a magana, sai ga kiran ƙanwata da daddare muryarta na rawa. Ta ce "Yaya, ƙahwar yaron ga ta kumbura, ko taɓa ta anka yi sai shi tsala ihu, kuma jikinshi da zahi." Ina jin muryar Innarmu a bayanta tana cewa "Mugun jini na yat taru, a kira wanzami shi tsaga shi yi mai ƙaho, shi hita kowa shi huta." Ni ba na ganin laifin Inna ko kaɗan, mace ce da ta raini 'ya'ya takwas, ta sha ganin maruru an tsaga ya fashe yaro ya yi barci, abin da ta sani ta faɗa. Na ce mata Inna don girman Allah a dakata, a kawo min shi gobe da sassafe, in asibiti ta gaza ni da kaina zan kira wanzamin. Da ƙyar ta amince.

Da aka buɗe zanin goyon sai da gabana ya faɗi. Cinyar ta ninka 'yar uwarta, ta yi tauri kamar itace, tana sheƙi, ga zafi, launinta kamar ɓawon jar albasar Aliero da ta sha rana. Mai kemis ɗin ƙauyen ya riga ya yi masa allurar zazzaɓi sau biyu a ɗuwawu, to wurin allurar ma ya tashi ya yi baƙi. Na buɗe bakinsa na haska da fitilar waya, ga wasu ɗigo-ɗigo jajaye a dasashi da cikin kumatu kamar an yayyafa barkono. Anan zan ɗan tsaya, saboda hotunan da ke littattafan da muka karanta kusan duk na farar fata ne, ja yana fitowa ɓaro-ɓaro, mu kuwa a fatarmu duhu kawai za ka gani, sai ka duba baki, tafin hannu, tafin ƙafa da cikin fatar ido kafin ka gane jini na tsattsafowa a ƙarƙashi.

Na samu jijiya a bayan hannunsa na ɗiba a 'yar kwalba mai murfin shunayya. Na danna auduga. Na ɗaga, jini na fitowa. Na sake dannawa, na ƙirga minti biyar a agogon bango, na ɗaga, yana nan yana tsattsafowa. Ƙanwata tana kallon fuskata ni kuma ina kallon audugar.

Gwajin da na yi shi ne wanda kowa ya sani, FBC, ƙirgen ƙwayoyin jini. A ciki akwai wasu ƙanana da ake kira filatilet, aikinsu duk inda jijiya ta ɓalle su rugo su toshe, kamar yadda mai shinkafa ke danna laka a ɓarakar ruwa. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowane maikurolita na jini. Injin ya turo takarda, 14,000. Ban yarda ba, don wani lokaci filatilet kan dunƙule a cikin kwalba injin ya kasa ƙirga su ya ba ka ƙarya, sai na shafa jinin a gilashi na rina na sa a madubi. Wayam. Sai ka zaga fili guda ba ka ga ko ɗaya ba, ga kuma jajayen ƙwayoyin jini wasu a yayyage kamar an bi ta kansu da almakashi. PCV ɗinsa, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jini, shi ma ya yi ƙasa sosai. Sannan ga ƙwayar maleriya, ita ma tana nan.

To wannan maleriyar ita ta kusa ɓatar da mu, kuma ita ce babban dalilin da ya sa nake wannan rubutu. Binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a Najeriya, kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada suna ɗauke da ita, wato kusan yaro ɗaya cikin biyu. Kuma gaskiya ne maleriya tana rage filatilet, kullum muna gani. Saboda haka duk yaron da ya zo da zazzaɓi, filatilet ƙasa, gwajin maleriya ya nuna akwai, ai magana ta ƙare, kowa sai ya ce ga dalili. Haka aka ce mana a ranar farko da aka kwantar da shi, kumburin kuma aka ce ƙila ƙwayar cuta ce ta shiga fata, aka haɗa da antibayotik. Ba na zargin kowa, da ni ne a kujerar ina ganin yara hamsin a wuni ƙila abin da zan ce kenan. Amma filatilet ɗin da maleriya ta kayar yakan fara tashi cikin 'yan kwanaki da fara magani. Namu bayan kwana huɗu zazzaɓi ya sauka, ƙwayar maleriya ta ɓace daga gilashi, na sake ƙirgawa, 9,000. Cinya kuma ta ƙara girma.

Wata likitar yara ce, Allah ya saka mata da alheri, ta zo zagaye ta ɗauki takardun biyu ta jera, ta sa tef ɗin tela ta auna cinyar, ta tambayi ƙanwata tun yaushe tabon yake. Da ta ji tun haihuwa sai ta juyo ta ce min malam, ba maleriya ke cinye filatilet ɗin nan ba, kumburin ne ke cinye su. Ta hana a sake yi masa allura a tsoka, ta ce ko kusa kar wani ya sa reza a wurin, ta rubuta mana takardar zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato.

Sunan abin Kasabach-Merritt, sunayen likitoci biyu ne na Amurka, Haig Kasabach da Katharine Merritt, da suka fara bayyana shi a jikin wani jariri a 1940. Abin da ke jawo shi wani ƙari ne na jijiyoyin jini da ake taƙaita sunansa da KHE, ba kansa ba ce irin mai yaɗuwa zuwa huhu ko hanta, amma yana kutsawa cikin tsoka, kuma jijiyoyin cikinsa a murɗe suke a cukurkuɗe, filatilet in sun shiga sai su maƙale su daskare a ciki. Ɓargo na ƙera sababbi, ƙarin na haɗiyewa. Shi ya sa kumburin ke ƙara tauri yana duhu a daidai lokacin da sauran jiki ke rasa abin tsayar da jini. Ka ga da an tsaga wurin nan da aska a ƙauye, cikin dare, ga ruwa ya cinye hanya, wallahi ban san me zan rubuta yau ba.

A Sakkwato aka yi hoton MRI, aka kuma ƙara gwaji biyu waɗanda a da ina jin sunansu ne a kan manya masu ciwon daskarewar jini kawai. Na farko fibirinojin, wani sinadari ne da hanta ke yi, shi ne zaren da ke ɗaure filatilet su zama gudan jini mai ƙarfi, kamar ciyawar da ake kwaɓa ƙasar gini da ita. Nasa ya yi ƙasa, an cinye. Na biyu D-dimer, shi kuma ɓurɓushi ne da ke saura a jini idan jiki ya narkar da gudan jini, in ya yi yawa alama ce wani wuri ana ta daskarewa ana narkewa. Nasa ya yi sama sosai. Waɗannan ukun in sun haɗu, filatilet ƙasa, fibirinojin ƙasa, D-dimer sama, ga kumburi mai tauri a jikin jariri, likita ya kusa gama gane inda aka dosa tun kafin a yi maganar yanko tsoka, wanda dama haɗari ne ga yaron da jininsa ba ya tsayawa.

Wani abu da ya ba dangi mamaki, har mijin ƙanwata ya so ya yi fushi. Mu a tunaninmu tunda filatilet ne babu ai sai a ƙara masa, 'yan uwa sun cika harabar asibiti kowa ya naɗe hannun riga. Likitoci suka ce a'a. An ƙara masa jini saboda PCV da ya faɗi, amma filatilet ba a sa su a wannan ciwo sai in jini ya ɓalle ko za a shiga tiyata, saboda duk wanda aka zuba wannan ƙari na cinya ne zai kama, cikin sa'o'i ya ƙare, kumburin kuma ya ƙara tashi ya ƙara ciwo. Ni kaina mai aikin jini ban san wannan ba sai ranar.

Aka fara da maganin prednisolone mai kwantar da kumburi, daga baya aka haɗa da wani magani, sirolimus. Shi wannan sirolimus asalinsa daga wata ƙwayar bakteriya aka samo shi a cikin turɓayar tsibirin Rapa Nui can tsakiyar tekun Fasifik, an daɗe ana ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, sai daga baya aka gano yana kwantar da irin waɗannan jijiyoyi. Yana da tsada, samunsa ma aiki ne, sai da muka sa aka nemo mana daga Kano. Kuma yana rage garkuwar jiki, don haka aka haɗa masa da Septrin, aka ce rigakafin ƙyanda da na shawara da ake yi a wata tara a dakata sai likita ya ba da izini. Shi sirolimus ɗin ma ana auna yawansa a jini don kar ya yi kaɗan kar ya yi yawa, wannan sai da muka riƙa aika jinin Legas.

Daga nan rayuwarmu ta koma ƙirge. Ido ba ya ganin sauƙi da wuri, sati biyu cinyar tana nan yadda take, Inna har ta fara cewa an dai ƙi jin maganarta. Amma takarda ta riga ido. 9,000 ya koma 21,000, ya koma 48,000, wani sati ya yi mura ya ɗan sauka hankalinmu ya tashi, sannan ya haura 100,000. Sai bayan nan fatar ta fara yin taushi tana tattarewa, duhun yana washewa. Na sayi littafi mai layi na ja masa gida huɗu, kwanan wata, filatilet, PCV, faɗin cinya da tef. Duk zuwa asibiti da shi muke tafiya, kuma na lura likitoci suna jin daɗinsa fiye da dogon bayani.

Tun daga lokacin na shiga karatu a kan abin, kuma idona ya buɗe, na fara lura da yaran da a da suke wucewa ta gabana. Ashe abin da muke tarawa mu kira tawadar Allah ko kumburi gida-gida ne. Tun 1982 wasu masana biyu a Boston, John Mulliken da Julie Glowacki, suka raba su biyu, kuma a kan wannan rabon ƙungiyar masana ta duniya, ISSVA, ta gina nata. Akwai ƙari, wanda ƙwayoyinsa ke hayayyafa yana girma da kansa. Akwai kuma jijiyoyin da tun a ciki ba su ƙeru daidai ba, su ba hayayyafa suke ba, suna nan suna girma tare da yaro har tsufa.

A gidan farko wanda ya fi yawa shi ne hemanjiyomar jarirai, tana samun kamar 4 zuwa 5 cikin 100, ta fi kama mata da bakwaini. Takan fito makonni kaɗan bayan haihuwa, ta yi saurin girma a watannin farko, sannan ta riƙa janyewa da kanta cikin shekaru. Ita ba ta cinye filatilet, yawanci ma ba ta buƙatar gwajin jini, kallo ne da haƙuri, sai in ta tare ido ko hanci ko hanyar numfashi ko ta zama gyambo, nan ake ba da propranolol, maganin hawan jini da likitoci a Bordo ta Faransa suka gano a 2008 cewa yana motsar da ita. Amma in jariri yana da guda biyar ko fiye a fata ana yin sikanin hanta, saboda suna iya kasancewa a can ma, kuma in sun cika hanta suna lalata sinadarin tayirod, wato na halittar nan ta wuya da in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Jaririn da ya rasa wannan sinadari ƙwaƙwalwarsa ce ke biya, shiru ba tare da wata alama mai ƙarfi ba, alhali gwajin jini ɗaya na tayirod, TSH, zai nuna kuma maganin yana nan. Wannan ya tsaya min a rai ƙwarai.

A gida na biyu kuwa, kwanaki aka turo min wata yarinya 'yar shekara tara daga wajen Jega, hannunta na dama da wani kumburi mai taushi, in ta sauke hannun ya cika ya yi duhu, in ta ɗaga sama ya lafa, in ka latsa ka ji wasu 'yan ƙulalai kamar tsakuwa a ciki. Babarta ta ce da asuba ta fi kuka da shi. Wannan jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya ne suka buɗe suka zama kamar tafki, jini na kwanciya a ciki yana daskarewa kaɗan-kaɗan, tsakuwar nan tsofaffin gudajin jini ne da suka ƙandare. Anan D-dimer yake da amfani sosai. Wani bincike da likitocin Beljiyam da Faransa suka fitar a 2008 a kan mutum 140 masu irin wannan ya samu kashi 42 cikin 100 D-dimer ɗinsu ya hau, musamman masu babba ko mai zurfi. Yana taimaka wa likita ya bambance shi da kumburin jijiyoyin ruwan kaluluwa, wanda a ido suna iya kama. Kuma kafin a yi wa irin wannan yaro tiyata ko allurar ƙona jijiyar, ana son a san D-dimer da fibirinojin, don in fibirinojin ya yi ƙasa jini na iya ɓallewa a kan tebur, sai an fara ba da allurar heparin mai hana jini daskarewa na wasu kwanaki an daidaita shi.

Sai dai fa a nan wurinmu dole a karanta D-dimer da hankali. Maleriya na ɗaga shi, sikila na ɗaga shi, ciwon da ƙwayar cuta ta shiga jini na ɗaga shi, ko rauni. Yaron da yake SS kuma yana fama da zazzaɓi in ka gwada ka ga ya hau, ba ka gano komai ba tukuna. Haka in ya fito daidai ba shi ke nuna babu ciwon ba, tunda fiye da rabin masu shi nasu daidai yake fitowa. Lamba ita kaɗai ba ta yanke hukunci, sai an haɗa da abin da hannu ya taɓa da abin da hoto ya nuna, an kuma maimaita bayan yaro ya warke daga zazzaɓin.

Can ƙasashen da suka yi nisa an wuce nan. A asibitin yara na Sinsinati a Amurka, masu bincike sun nuna a 2017 cewa wani sinadari mai suna anjiyopoyetin-2 yana hawa a jinin yara masu KHE da ya kai ga cinye filatilet, da masu wani mugun ciwon jijiyoyin ruwan kaluluwa da ake kira KLA, kuma yana sauka idan sirolimus ya kama aiki. Ana kuma ƙoƙarin tsinto ɓurɓushin DNA na jijiyoyin da suka lalace daga cikin jini ko ruwan kumburin, a ga wane canji ne ya faru a ƙwayar halitta, irin su PIK3CA da TEK, maimakon a yanka yaro. Har an kai ga a 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da alpelisib don masu matsanancin ciwon da canjin PIK3CA ke jawowa. Ina karanta waɗannan ina jin daɗi, ina kuma jin wani abu a ƙirji, don na san kafin su iso Kamba ko Zuru ko Yawuri da sauran tafiya.

Amma abin da ya ceci ɗanmu ba ɗaya daga cikinsu ba ne. FBC ne, wanda ake yi a manyan asibitocinmu da lab masu zaman kansu, da gilashi da madubi, da likitar da ta jera takarda biyu ta ƙi yarda maleriya ce ta yi duka. Abin da nake roƙon abokan aikina na lab da nas-nas da masu duba yara a ƙananan asibitoci, in jariri ya zo da kumburi mai tauri mai zafi da ke girma a kan tabon haihuwa, a ƙirga filatilet kafin a yi masa allura a tsoka, kafin a tsaga a ce ƙurji ne. In an samu maleriya a yi maganinta amma a sake ƙirgawa. Wanzaman da na sani kuma na je na same su ɗaya bayan ɗaya na nuna musu hoton cinyar a wayata, wani dattijo a cikinsu ya daɗe yana kallo sannan ya ce shi ma ya taɓa ganin irinta shekarun baya, bai ƙara cewa komai ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Yaron yanzu shekararsa ɗaya da wata biyar, yana tafiya, yana ɗan jan ƙafar hagu saboda wurin ya bar tauri a tsoka, an ce mu ci gaba da kai shi gashin ƙashi. Ba a ce ya rabu da abin kwata-kwata ba, ana rage maganin ne sannu a hankali ana kallon jini. Maganar kaciya an ajiye ta sai ranar da likita ya ce to. Littafin nan mai layi yana hannun Inna, ta sa shi a leda ta ɓoye cikin kwallarta, ba ta karanta boko amma duk ranar gwaji ita ke fara kirana, "To, nawa anka samu yau?" Na ƙarshe 212,000 ne. Na gaba ranar Litinin ta sama, kuma ta riga ta ce da ita za a zo.